Ƙaurar da Manhaja Daga Faifan C Zuwa Wani Faifai

A garin Kafancan, da Zonkwa, da Kwoi, da Kaciya, da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, akwai mutane da yawa waɗanda abincinsu ya rataya a kan kwamfuta guda ɗaya tak. Akwai mai shagon buga takardu wanda ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafancan suke kai wa aikinsu na ƙarshen karatu. Akwai mai zana katin biki da kalanda. Akwai akawun ƙungiyar manoman citta wanda yake riƙe da sunayen membobi da lissafin bashin taki. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori na hannu ne, watau an yi aiki da su a wani wuri kafin a sayo su, kuma ma'ajinsu ba shi da girma. Ana nan ana nan, wata rana sai mai na'ura ya ga layin da ke nuna cikar faifan C ya rikiɗe ya koma ja, na'urar ta yi nauyi, ta ƙi karɓar sabon aiki.

A daidai wannan gaɓa ne ake tafka kuskuren da ya sa aka rubuta wannan bayani. Mai na'ura ya duba, ya ga faifan D na nan wayam, babu kome a ciki. Sai ya shiga foldar da ake kira Program Files, ya yanko foldar wata babbar manhaja, ya manna ta a D, kamar yadda mutum kan ɗauke buhun masara daga rumbun da ya cika ya kai wani rumbun. Nan take jan layi ya ɓace, hankalinsa ya kwanta. Washegari da safe, ga mutane a bakin shago suna jira, ya danna alamar manhajar, sai ta ƙi buɗewa. Ko kuwa ta buɗe ta nemi lambar lasisin da ya daɗe da mantawa inda ya ajiye. Ko ta buɗe amma firinta ta ƙi amsa mata. Cinikin ranar ya tafi ke nan, ga kuma kuɗin mai gyara.

Ƙaurar da manhaja abu ne mai yiwuwa, kuma wani lokaci dole ne. Sai dai yana da ƙa'ida, kuma wanda bai san dalilin ƙa'idar ba zai yi wuya ya kiyaye ta.

Ma'anar haruffan

Tsarin Windows, wanda shi ne a kan yawancin kwamfutocin ofisoshi da shagunan ƙasar nan, yana ba kowane ma'aji harafi guda. A da can haruffan A da B na ƙananan faya-fayan nan ne masu laushi da ake sakawa a cire, waɗanda yanzu an daina amfani da su. Saboda haka babban faifan da ke cikin na'ura ya sami harafin C, kuma har yau a nan Windows kansa yake zaune. Duk ma'ajin da ya biyo baya sai ya ɗauki harafi na gaba: D, E, F, haka dai.

Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe game da wannan. Na farko, D ba lalle ne ya zama faifai dabam ba. Sau da yawa faifai ɗaya ne aka raba shi gida biyu, kamar ɗakin da aka ratsa da bango. Idan faifan ya mutu, to, C da D tare za su tafi, don haka wanda ya kai aikinsa D bai kamata ya ɗauka ya yi ajiyar tsaro ba. Na biyu, harafin ba a jikin faifan yake rubuce ba. Windows ne yake ba da shi, kuma yana iya canza shi. Ma'ajin waje da aka jona yau ya zama E, gobe yana iya zama F idan filas ɗin wani ɗalibi ya riga shi shiga. Za a komo kan wannan a gaba, gama yana cikin abubuwan da suka fi ɓata aiki.

Inda manhaja take zaune

Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafancan za su fi kowa saurin gane wannan sashe. Garin ya bunƙasa ne saboda mahaɗar layin dogo. A nan layin da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya nufi Kaduna, ya haɗu da reshen da ya hau zuwa Jos, wanda aka buɗe a 1927. Daga wannan reshe ne kuma, a Kuru, aka ja layin Bauci da ya isa Maiduguri a 1964. A zamanin da jirage suke kai da kawowa dare da rana, taragon kaya ba ya tafiya da ƙarfe da ƙafafu kaɗai. Yana da lamba, yana da takardar kaya, an rubuta shi a littafin tasha, an san layin da aka ajiye shi da jirgin da zai ja shi. Da wani zai tura taragon zuwa wani layi da dare ba tare da an gyara littafi ba, da safe taragon na nan lafiya lau da kayansa, amma a wurin ma'aikata ya ɓata, domin inda littafi ya ce yake, ba ya nan.

Haka manhaja take. Sa'ad da ake girka ta, foldar da ake gani a Program Files ita ce taragon. Amma a lokaci guda ana rubuta adireshin wannan folda a wurare da dama. Mafi girmansu shi ne babban littafin Windows da ake kira Registry, watau rajista. A cikinsa ake rubuta cewa fayil mai irin wannan suna, manhajar da ke wuri kaza ce za ta buɗe shi. Idan za a cire manhajar, ga inda macirinta yake. Idan za a sabunta ta, ga inda za a kai sababbin sassa. Alamar da ke kan allo, wadda ake dannawa, ita ma adireshi ne kurum a cikinta. Wasu manhajoji kuma, musamman na lissafin kuɗi da na tsaro, suna da ƙananan ma'aikata da ke tashi tare da na'ura su yi ta aiki a ɓoye, kuma Windows yana neman kowannensu a adireshin da aka rubuta masa.

Bugu da ƙari, ba dukan kayan manhaja ne ke cikin foldarta ba. Zaɓe-zaɓen mai amfani da ita, da tarihin aikinsa, suna cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData, a ƙarƙashin sunansa cikin foldar Users. Abin da ya shafi dukan masu amfani da na'urar, har da shaidar lasisi a wasu lokuta, yana cikin ProgramData. Sassan da manhajoji da yawa ke tarayya a kai suna cikin Common Files. Nau'o'in haruffan rubutu kuwa, waɗanda mai zana kati ba ya iya aiki sai da su, yawanci suna cikin foldar Windows kanta. A na'urori na yanzu ma Program Files biyu ne: ɗaya na manhajoji masu tsarin 64, ɗaya kuma mai lambar x86 a ƙarshen sunansa, na masu tsarin 32.

To, wanda ya yanke folda ya manna a D ya ɗauke tarago ne ya bar littattafai duka suna nuni ga layin da babu kome. Wani lokaci Windows yakan yi ƙoƙarin gano inda fayil ya koma ya gyara alamar kan allo da kansa, manhajar ta buɗe, mutum ya ɗauka ya tsira. Wannan ya fi haɗari, domin ɓarnar takan fito ne bayan makonni, ranar da aka zo sabuntawa ko cirewa, sa'ad da an riga an manta abin da aka yi.

A fara duba abin da ya cika faifan

Kafin a taɓa kowace manhaja, wajibi ne a san abin da ya cinye wurin. A Windows 10 da Windows 11, idan aka shiga Settings, sa'an nan System, sa'an nan Storage, na'ura za ta jera abin da ke cikin C kashi kashi. Sau da yawa za a tarar manhajoji ba su ne masu laifi ba. Finafinai ne, da hotunan biki, da takardun mutanen da suka karɓi aikinsu tun bara, da abin da aka sauko da shi daga intanet aka manta, da kwandon shara da ba a taɓa zubarwa ba. Na'urar da aka ɗaga daga wani Windows zuwa sabo takan ajiye tsohon a folda mai suna Windows.old, wadda takan ci gigabait masu yawa. Manhajar Disk Cleanup da ke tare da Windows tana share irin waɗannan ba tare da haɗari ba.

Kayan aikin mutum kuwa, watau takardu da hotuna da bidiyo, su ne suka fi sauƙin ƙaura, kuma Windows ya tanadi hanya ta musamman dominsu. A fara buɗe sabuwar folda a D, alal misali mai suna Takardu. A danna foldar Documents da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Properties, a shiga shafin Location, a danna Move, a nuna sabuwar foldar, a amince a kwashe abin da ke ciki. Da yake Windows ne da kansa ya yi jigilar, shi ne kuma zai gyara littafinsa, duk manhajar da ta nemi Documents za a kai ta sabon wuri. Haka za a yi wa Pictures da Videos da Downloads da Desktop, kowacce da tata folda.

A nan akwai rami. Kada a nuna faifan D tsirararsa a matsayin sabon wuri. Wanda ya yi haka, Windows zai ɗauki faifan gaba ɗaya a matsayin Documents, kuma warware wannan yana da wahala ƙwarai. Lalle ne a nuna folda da ke cikin D. Har ila yau, idan an kunna ajiyar OneDrive a kan waɗannan foldoji, na'ura tana iya ƙin ƙaurar sai an tsai da ajiyar tukuna.

Mutane da dama idan sun yi wannan kaɗai, buƙatarsu ta biya, ba sai sun taɓa Program Files ba.

Hanyar da ta fi aminci

Idan har dole sai manhaja ta bar C, hanyar da babu shakka a cikinta ita ce a cire ta ta ƙa'ida, a sāke girka ta a D. Macirinta zai goge tsofaffin adireshi, magirkinta zai rubuta sababbi. Amma kafin a cire, sai an tabbata abubuwa uku suna hannu: fayil ɗin girkawa, da lambar lasisi ko asusun da aka saye ta da shi, da kwafin bayanan da aka tara a cikinta. Wasu manhajojin saye suna ƙidaya yawan na'urorin da aka kunna su a kai, saboda haka a duba ko akwai wurin sakin lasisi a cikinsu, a sake shi kafin cirewa.

Batun bayanai shi ne mai nauyi. A ɗauki misalin akawun ƙungiyar manoma. Cutar da ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna a daminar 2023 ta halaka gonaki masu ɗimbin yawa, kuma a irin wannan hali ƙungiyar da ke da cikakkiyar rajistar membobinta, da girman gonakinsu, da abin da ake bin kowa, ta fi wadda ba ta da ita madafa. Irin wannan rajista tana iya kasancewa cikin fayil ɗaya ƙwal, wanda tsofaffin manhajoji sukan ajiye a cikin foldarsu ta Program Files. Manhaja idan ta lalace a sāke sayo ta; lissafin shekara biyar idan ya tafi babu kasuwar da ake sai da shi. A nemi wurin da manhajar ta tanada na fitar da kwafin ajiya, a fitar, a sa a filas ko faifan waje, a gwada buɗe kwafin a tabbata yana da rai, sa'an nan a ci gaba.

Wajen girkawa, kada a yi ta danna Next ido rufe. A nemi zaɓin da aka rubuta Custom ko Advanced ko Browse, a nan ake canza wuri. Yana da kyau a buɗe folda guda a D, a ce Manhajoji, kowace manhaja ta sami ɗakinta a ciki, kada a zuba su birjik a bakin faifai. A sani kuma cewa ko an girka a D, wani abu zai sauka a C, domin AppData da Common Files suna can. Akwai ma manhajojin da ba sa tambayar wuri sam. Microsoft Office na zamanin nan da Google Chrome suna cikinsu: faifan Windows suke nufa kai tsaye. Irin waɗannan a bar su inda suke so.

Manhajojin da aka sauko da su daga Microsoft Store nasu da sauƙi. A cikin Settings, a sashen Apps, da yawansu suna da maɓallin Move wanda zai kai su wani faifai lafiya. A sashen Storage kuma akwai wurin da ake zaɓen inda sababbin abubuwa za su riƙa sauka. Sai dai wannan zaɓi bai shafi manhajojin da ake girkawa da fayil na dabam ba, kuma mutane da yawa sun ruɗe a nan.

Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin masu gyara, cewa a shiga rajista a canza layin da ake kira ProgramFilesDir daga C zuwa D, wai don kome ya riƙa sauka can da kansa. Kamfanin Microsoft ya bayyana cewa bai goyi bayan wannan canji ba, domin sassan Windows da sabuntawarsa suna dogara ga wurin asali. Wanda aka yi wa wannan tayi ya ƙi.

Mahaɗa

Wani lokaci sāke girkawa ba ya yiwuwa. Faifan girkawa ya ɓata, ko kamfanin da ya yi manhajar ya daina aiki, ko saukowa da ita zai cinye kuɗin data mai yawa. A nan ne ake amfani da wata dabara wadda sunanta a Turance daidai yake da abin da ake kiran tashar Kafancan, watau mahaɗa. Tsarin ajiya na NTFS, wanda faifan C yake kansa, yana da ita tun Windows 2000, umarnin yin ta kuma, mai suna mklink, ya shigo tare da Windows Vista.

Aikinta irin na mai juya layi ne. Jirgi ya taho yana bin hanyarsa, direba bai canza kome ba, amma an juya ƙarfen mahaɗa, sai ya tsinci kansa a layin Jos. Haka nan ake barin wata alama a tsohon adireshi a C, mai kama da folda, duk wanda ya zo neman manhajar a nan sai a zarce da shi D bai sani ba. Rajista ba ta canza ba, alamar kan allo ba ta canza ba, dukan littattafai sun ci gaba da faɗin gaskiya.

Ga yadda ake yi, a ce sunan foldar manhajar Misali. Da fari a tabbata akwai tsayayyiyar wuta: batirin na'ura a cike, ko janareta da isasshen mai, gama ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafi tana barin aiki rabi da rabi. A sa Windows ya ajiye matakin komawa baya ta System Restore. A rufe manhajar, har da ƙananan alamunta da ke kusa da agogo. Sa'an nan a buɗe Command Prompt da ikon mai na'ura, watau ta zaɓin Run as administrator, a rubuta:

robocopy "C:\Program Files\Misali" "D:\Manhajoji\Misali" /E /COPYALL

Wannan umarni yana kwafe foldar da duk 'ya'yanta, tare da izinin da ke kan kowane fayil. Idan ya gama zai nuna lissafi. A duba a ga babu fayil ɗin da ya gaza. Daga nan kada a goge tsohuwar folda. A canza mata suna kurum, a ce Misali-tsoho, domin adireshin ya zama babu kowa a kai. Idan Windows ya ƙi canza sunan, alama ce wani sashen manhajar yana aiki a ɓoye, sai a tsai da shi tukuna. Sa'an nan a rubuta:

mklink /J "C:\Program Files\Misali" "D:\Manhajoji\Misali"

A lura da jerin: tsohon adireshi ne a gaba, sabon wuri a baya. Alamun zance da ke kewaye da adireshin dole ne, saboda tazarar da ke cikin sunan Program Files. Idan an yi daidai, za a ga folda mai ɗan kibiya a jikinta ta bayyana a tsohon wuri. A buɗe manhajar, a buɗe tsohon aiki, a ajiye sabo, a buga takarda, a kashe na'ura a kunna, a sāke gwadawa. Sai an yi kamar mako guda ana aiki lafiya kafin a goge Misali-tsoho, kuma sai a lokacin ne C zai sami sararin da ake nema. Idan kuwa abin bai yi ba, komawa baya da sauƙi: a cire mahaɗar da umarnin rmdir da adireshinta kaɗai, ba tare da ƙara masa wani harafi ba, a mai da wa tsohuwar folda sunanta.

Wannan dabara tana da iyaka. Manhaja ɗaya ɗaya ake yi wa ita. Kada a yi wa Program Files ɗungurungum, ko foldar Windows, ko Users, ko ProgramData, domin babbar sabuntawar Windows tana iya tsayawa cak ko ta rushe mahaɗar. Manhajar rigakafin ƙwayoyin cutar kwamfuta, da direbobin firinta da na sauran kayan haɗi, a bar su a C. Faifan da za a kai kayan kuma ya kasance a kan NTFS. Filas da yawa suna zuwa a kan FAT32, wanda ba ya riƙe izinin fayiloli, ba ya kuma karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4.

Abin da ake gyarawa bayan ƙaura

Harafin faifai shi ne na farko. Mahaɗa da rajista da alamar kan allo duka da harafi suke aiki. Idan manhajar ta koma faifan waje da ake jonawa ta kebul, ranar da harafinsa ya canza kome zai tsaya. Maganinsa shi ne a ba faifan harafi mai nisa tun kafin a fara, kamar P ko S, wanda filas ɗin baƙi ba za su kai gare shi ba. Ana yin haka a Disk Management, ta danna maɓallin Start da dama, a zaɓi faifan, a shiga Change Drive Letter and Paths. A shagon da mutum ashirin ke jona filas a yini, wannan ɗan aiki na minti biyu yana hana fitina mai yawa. Duk da haka, ɗora manhajar da ake aiki da ita kullum a kan faifan waje ba dabara ba ce. Kebul ɗin yana motsawa ta faɗi, wani lokaci da aikin da ke buɗe.

Na biyu shi ne adireshin da ke cikin manhajar kanta. Da yawa suna da shafin zaɓe-zaɓe inda aka rubuta wurin ajiye aiki, da wurin kwafin ajiya, da wurin fayilolin wucin gadi. A Word, alal misali, yana ƙarƙashin File, Options, Save. Photoshop yana da wurin zaɓen faifan da zai riƙa shimfiɗa aikinsa na wucin gadi, kuma mai da shi D kaɗai yakan sauƙaƙa wa C ƙwarai. Takardar zane da aka jingina mata hotuna daga wata folda, ko lissafin Excel da ke ɗauko adadi daga wani fayil, za su nemi a nuna musu sabon wuri idan an kwashe kayan da hannu. Ɗaliban da ke koyon rubuta manhaja kuma su duba jerin nan da ake kira Path, a cikin Environment Variables, domin a nan Windows yake neman umarnin da aka rubuta masa. Idan tsohon adireshi ne a ciki, zai ce bai san umarnin ba alhali kayan na nan.

Na uku shi ne tsaro, kuma shi aka fi mantawa. Program Files wuri ne mai kariya: mai amfani na gama-gari ba ya iya canza kome a ciki sai da izinin mai iko. Foldar da mutum ya buɗe da kansa a D ba ta da wannan kariya, duk wanda ya shiga na'urar yana iya gogewa ko sauya abin da ke ciki, haka ma mugunyar manhajar da ta shigo ta filas. Wannan ne dalilin sa COPYALL a umarnin da ya gabata. Wanda ya girka sabo a D, a na'urar da hannu da yawa ke taɓawa, ya sa wanda ya iya ya taƙaita izinin rubutu a shafin Security na foldar Manhajoji.

Sai batun sauri. A na'urori da yawa C ƙaramin faifai ne na zamani marar juyawa, wanda ake kira SSD, D kuwa tsohon faifai ne mai juyawa, mai faɗi amma mai nawa. Manhajar da ta koma D za ta riƙa jinkirin buɗewa. Saboda haka wadda ake buɗewa sau hamsin a yini ta zauna a C, wadda ake nema sau ɗaya a wata ita ce za ta ƙaura.

Akwai kuma lokacin da duk waɗannan dabaru jinkirta magana ce kawai. Windows 11 yana buƙatar ma'ajin da bai gaza gigabait 64 ba kafin ma a girka shi, kuma Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin gama-gari ga Windows 10 a ran 14 ga Oktoba, 2025. Na'urar da C ɗinta ƙanƙane ne ainun za ta ci gaba da cika kome aka kwashe daga cikinta. Idan C da D faifai ɗaya ne aka raba, mai gyara yana iya faɗaɗa C, bayan an kwafe kome zuwa waje. Idan kuwa faifan ne gaba ɗaya ya yi kaɗan, a auna kuɗin sabon faifai mai girma da asarar kwanakin da shago zai yi a rufe.

Daga ƙarshe, duk abin da aka canza a rubuta shi a littafi na takarda, a ajiye kusa da na'ura: sunan manhajar da aka ƙaurar, da tsohon wurinta da sabo, da harafin da aka ba kowane faifai, da mahaɗar da aka yi, da ranar da aka yi ta. Mahaɗa ba ta bayyana kanta ga wanda bai san da ita ba. Yaron shago da aka ɗauka bayan wata shida, ko mai gyaran da aka kira daga Kaduna ko Jos, yana iya ganin foldar Manhajoji a D ya ɗauka kwafi ne marar amfani ya goge ta, ko ya wanke faifan D don ya sami wuri. A ofisoshin gwamnati da makarantu da asibitoci, inda ake yi wa ma'aikata canjin wurin aiki, wannan shafi ya shiga cikin takardun miƙa aiki tare da mabuɗan ofis, a haɗa da lambobin lasisi da wurin da kwafin ajiya yake.